Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Marubutan Labarin Kumbo: A Ba Mai Sifana Sunansa

Zuwa ga shugaba da sauran 'yan ƙungiyar matasan marubutan Zango, masu kawo mana labarin kumbo kowane daren Juma'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyayenku da iyalanku, ina yi muku sannu da aiki. Allah ya ƙara basira.

Ba ku san ni ba, ko da yake wataƙila na taɓa gyara janaretan gidan wani a cikinku. Ni dattijo ne mazaunin Aboabo a nan Kumasi. Na yi shekara 16 ina aiki a ɗakin injin jiragen ruwa na dakon kaya, mallakar 'yan kasuwar ƙetare. Na fara daga mai goge baƙin mai a ƙasa, na gama a matsayin mai kula da famfuna. Da gwiwa ta fara gardama sai na dawo gida na kafa rumfa a Suame Magazine, unguwar makanikai, inda nake gyaran janareta da famfon ruwa har yau. Wasiƙar nan da bakin mutane da yawa na rubuta ta. Muna da majalisa a teburin mai shayi, mu kusan ashirin: makanikai, masu walda, tela ɗaya, masu gadi biyu, yaran mota uku da ke bin trotro tsakanin Aboabo da Kejetia, sai Hajiya mai koko wadda ba ta zama cikinmu amma kashi ɗaya bai taɓa wuce ta ba. Duk Juma'a bayan sallar isha'i sai a jefa waya cikin kofin silba don sauti ya ƙara fita, mu yi tsit muna sauraronku. Su ne suka ce in rubuto, wai ni na san zaman cikin ƙarfe, ruwa gaba ruwa baya.

Kafin ƙorafi, bari in ba ku haƙƙinku. Ban taɓa tsammanin zan rayu in ji ana magana da Hausar Zango a cikin kumbon da ya wuce duniyar Mars ba. Ranar da kuka ce kyaftin ɗin haifaffen Asawase ne, mai walda ɗaya a cikinmu ya miƙe tsaye yana kabbara kamar Kotoko ta ci ƙwallo. Jikana da ba ya zama wuri ɗaya minti biyar, yanzu shi ke tuna mini cewa yau Juma'a. Saboda haka ku karɓi abin da zan faɗa a matsayin maganar uba ga 'ya'yansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abu biyu ne suka tayar da wannan wasiƙa. A kashi na 14, dutse ya huda jikin kumbo, sai mai karanta labarin ta ce: ma'aikata goma sha biyu suka halaka a sashen ƙasa. Jimla ɗaya, ta wuce. A cikin sha biyun nan har da wani bawan Allah da muke ji tun kashi na 2, kullum riƙe da sifana, wanda duk maganarsa a labarin ba ta wuce "To, ranka ya daɗe" ba. Ku ba ku raɗa masa suna ba, mu muka sa masa Mai Sifana. Mako na zagayowa, kashi na 15, sai ga bikin auren kyaftin da likitar kumbo, har da kiɗa. Muna cikin haɗiye wannan sai kuka sanar cewa za a buga labarin a littafi, kuma don rage kuɗin ɗab'i za a cire duk wuraren da ƙananan ma'aikata suka fito. A daren nan mai shayi bai sayar da kofi na biyu ba, kowa ya tashi.

Ƙorafinmu na farko a kan suna ne. Da bakinku kuka gaya mana mutum 600 ne a kumbon nan. Telan majalisarmu ya zauna da alli ya ƙirga masu suna, ya samu shida: kyaftin, mataimakinsa, likita, masanin taurari, matuƙiya, da mugun da ke son ƙwace mulki. In an haɗa da mutum-mutumin ƙarfe da kyanwar kyaftin, takwas ke nan. Kyanwa ta samu suna, mutumin da ya hana iskar kumbo zurarewa kashi goma sha biyu a jere bai samu ba. Na san inda kuka ɗauko wannan ɗabi'a. A shirin Star Trek da aka fara nunawa a Amurka a 1966, in kyaftin zai sauka wata duniya sai ya tafi da ƙananan ma'aikata masu jajayen riguna, kuma galibi su ake kashewa don mai kallo ya san wurin akwai haɗari. Abin ya yi yawa har jar riga ta zama abin zolaya a can. Amma su kansu masu shirin sun dawo daga rakiyar wannan, a 2020 suka fito da wani sabon shiri sukutum a kan ƙananan ma'aikatan da ke kwana a can ƙasan kumbo. Mai kaya ya yar da tsummansa, ku kuma kun tsince shi kun yafa.

Kada ku ce wasa ne, ba ya taɓa kowa. A lungunmu yara suna wasan kumbo da tsohon firji da aka yar. Na tsaya na ji suna rabon matsayi: wannan kyaftin, wannan likita, sai aka ce wa ƙaramin cikinsu, "Kai ne makaniki, kai za ka mutu." Yaron ya fashe da kuka ya tafi gida. Uban yaron makaniki ne, rumfarsa na kallon tawa. Ku ɗan tuna ma da tarihin ƙasar nan. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 da aka harbe tsofaffin sojoji a mararrabar Kiristansbog a Accra, abin da ya girgiza mulkin mallaka, sunayen da ake karantawa duk shekara har yau su ne Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey wanda ko igiya ɗaya ba shi da ita. Babu janar ko ɗaya a cikinsu.

Na biyu, kuma nan ne ya fi ci mini rai, shi ne yadda kuke nuna aiki. A labarinku in inji ya samu matsala, kyaftin yakan daka tsawa ya ce a ƙara wuta, wani ya danna maɓalli, magana ta ƙare. 'Ya'yana, babu ƙarfen da ke jin tsawa. A jirgin ruwa muna aikin awa huɗu, mu huta takwas, mu koma, dare da rana, babu Juma'a babu Lahadi, cikin zafin da in ka matse singiletinka sai ruwa ya cika kofi. Mafi yawan aikin kuwa ba shi da wani armashi: duba mai, share matata, ɗaure noti, bin bututu da tocila kana neman ɗigo. Duk ranar da ba a ji labarinmu a sama ba, ranar mun yi aiki mai kyau ke nan. Kumbo kuwa jirgi ne da in ya yi yoyo babu gaɓar da za a ja shi.

Kuma ba sai kun dogara da bakina ba, tarihin masu zuwa sararin samaniya na gaskiya cike yake da wannan. A watan Afrilun 1970 tankin iskar oksijin ya fashe a kumbon Apollo 13 yana kan hanyar zuwa wata, da mutum uku a ciki. Suka koma cikin ɗan ƙaramin sashen da aka yi don sauka kan wata, wanda aka tsara wa mutum biyu na ɗan lokaci. Sai gurɓatacciyar iskar numfashinsu ta fara taruwa tana neman kashe su. Akwai gwangwanayen tace iska a ɗaya sashen, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye ne. Me ya cece su? Ma'aikata a ƙasa, ƙarƙashin wani injiniya Ed Smylie, suka zauna da irin tarkacen da ke cikin kumbon, leda da kwali da tiyon rigar sama jannati da salatif mai ƙarfi, suka ƙulla abin da zai haɗa mai kusurwa da zagayayye, sannan suka karanta wa na sama yadda za su yi, mataki bayan mataki. Da na ba 'yan majalisa wannan labari, wani mai walda ya yi dariya ya ce, "Ashe 'yan Magazine ne a can ma." Gaskiyarsa. Abin da muke yi kullum ke nan in kayan gyara sun gagara samuwa.

Rigunan da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sa suka taka wata a Yulin 1969, mata teloli ne suka ɗinka su a jihar Delaware, a kamfanin da asalinsa kayan ciki na mata yake yi, shimfiɗa kan shimfiɗa har 21, kuma allura ɗaya da aka manta a ciki ko ɗinki ɗaya da ya kauce zai iya zama ajalin mutum. Ana ƙiyasta mutum 400,000 ne suka yi aiki a shirin Apollo, waɗanda suka taka wata kuwa 12 ne kacal. Telanmu ya ce in tambaye ku: wa ke ɗinka rigunan mutum 600 ɗin nan naku, wa ke yi musu faci in sun yage?

Ko a yau, a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ke shawagi kimanin kilomita 400 a samanmu, wadda ba ta rabu da mutane ba tun Nuwamban 2000, manyan masana masu digiri ne ke gyara masai da hannunsu, su yi shara da goge-goge ranar Asabar, su yi motsa jiki na kusan awa biyu kullum don kada ƙashi ya lalace. Fitsari da gumi ake tacewa a mayar da su ruwan sha, har a 2023 aka ce an kai ga maido da kashi 98 cikin ɗari. In injin tacewar nan ya tsaya, muƙamin kowa ya tashi a banza. A Agustan 2018 aka ga iska na raguwa a tashar, aka bi diddigi aka samu huda mai faɗin milimita 2 a jikin kumbon Soyuz da ke maƙale da ita, aka toshe da ƙyallen ɗaure ciwo da gam mai ƙarfi. Milimita biyu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ku duba irin labarin da ke kwance a nan: dare, kowa na barci, allurar awon iska na sauka a hankali, mutum ɗaya na bin bango da kunne yana neman inda iska ke fita. Wallahi da kun ba mu wannan da ya fi mana bikin aure daɗi.

Na uku, kun hana su baki. "To, ranka ya daɗe" ba ita kaɗai ce maganar ƙaramin ma'aikaci ba. Sau da yawa shi ke fara sanin ɓarna na tafe, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani dare mun bar Abijan mun nufi Las Palmas, ina zagayen duba famfuna, sai na ɗora bakin sukundireba a jikin famfon ruwan sanyaya inji, na kanga ƙotar a kunnena, yadda wani tsohon makaniki ɗan Takoradi ya koya mini. Sai na ji wani ɗan ƙara a can ciki, kamar ana niƙa yashi a turmi. Na hau na gaya wa injiniyan da ke kan aiki cewa boris, wato zoben ƙarfen da sandar famfo ke juyawa a ciki, ya kusa ci. Ya dubi allurai ya ga duk suna daidai, ya dube ni ya ce an ɗauke ni goge mai ne ko duba. Na ce to, ranka ya daɗe, na sauka. Bayan kwana biyu famfon ya cije. Na ajiya kuma an riga an ciccire kayansa an gyara wani abu. Jirgi ya tsaya cak a tsakiyar teku, igiyar ruwa na wasa da mu kusan yini da kwana, mu huɗu muna kwance a ƙarƙashin ƙarfe muna fama. Da muka isa, takardar yabo ta zo, da sunan kyaftin da babban injiniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Namu ya tsaya a asarar lokaci. Na kumbon Challenger bai tsaya nan ba. A daren da ya gabaci 28 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin gefe, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗi cewa sanyi ya yi yawa, zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar zai ƙage ya kasa riƙe wuta. Manya suka yi shawararsu suka ce a tashi. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, yara 'yan makaranta na kallo a talabijin. Zoben roba ne, irin abin da yaron shagona ke canzawa kullum a famfo. Kuna ta wahalar ƙirƙiro dodanni masu kai uku don ku tsorata mu, alhali ga abin tsoro a kusa: na ƙasa ya sani, na sama ya ƙi ji. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani, daga yaron mota har nas, zai ji wannan a jikinsa.

Na huɗu ba zan daɗe a kai ba. Mutanen nan 600 me suke ci, wa ke dafawa? Hajiya mai koko ta ce kashi goma sha biyar ba ta ji an ɗora tukunya ba, sai dai a kawo wa kyaftin shayi, kuma ba a faɗi wanda ya kawo ba. A jirgin ruwa kuku ya fi mataimakin kyaftin muhimmanci, in abinci ya lalace kwana uku sai faɗa ya tashi a ko'ina. Nawa ake biyansu? Wa ke aika wa tsohuwarsa kuɗi a Sawaba, ta wace hanya, in saƙo na ɗaukar watanni? Wa ke bin wani bashi? Sannan sallah. Kun sa kyaftin ya yi addu'a sau ɗaya gaban yaƙi, amma mai aikin dare a ɗakin inji ina yake fuskanta, da wane lokaci yake aiki? Tambayar nan an riga an yi ta a zahiri. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar sama a Oktoban 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa sun zauna sun fitar da jagora, tunda tashar na zagaya duniya cikin kusan minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini guda. Suka ce ya bi lokacin wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in ya gagara ya fuskanci duniya, in ya gagara ko'ina. To naku da suka yi nisan da duniya ta zama ɗigo fa? Gardamar ladan da mai gyaran lantarki a kan wannan kaɗai ta isa kashi guda, kuma za a yi dariya a ƙaru.

Na biyar shi ne mutuwa. A shekarata ta tara a teku abokina ɗan Nima ta Accra ya zame daga tsani ya faɗa ramin kaya. Kafin a sauko da magani rai ya yi halinsa. Aka ajiye shi a ɗakin sanyi, gefen naman da muke ci, har muka kai tasha ta gaba, aka binne shi a ƙasar da ba ya jin yarenta. Ni aka ba akwatinsa in kai gida. Na buɗe a gaban mahaifiyarsa a Nima: carbi, ƙaramar rediyo, turmin atamfa biyu da ya saya mata, wasiƙar da ya fara bai gama ba, da ambulan na sauran albashinsa wanda kamfani ya zare kuɗin takalmin aiki daga ciki. Tsohuwar ba ta taɓa kuɗin ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, an yi masa wanka? Wa ya sallace shi?" Na ce mu huɗu ne Musulmi a jirgin, mu muka yi, ni na ja. Sai a lokacin ta yi kuka. Ku 'yan Zango ne, kun san in aka yi rasuwa a Aboabo hanya kan toshe, a yi addu'ar uku da bakwai da arba'in. Ta yaya hannunku ya iya rubuta mutuwar mutum goma sha biyu, babu wanka babu sallah babu mai kuka, mako na gaba a buga ganga?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba ku da buƙatar aron tsarin sojan ruwan Turawa, kuna da naku a gida. Kalmar zango kanta masaukin ayari ce. Kakanninmu fatake sun yi ta tafiyar watanni daga Kano, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su biyo ta Yendi zuwa Salaga neman goro. Ayari na da madugu, amma yana da jagaba a gaba, da uban dawaki, da malami, da makaɗi, da masu kora jakuna, da 'yan dako, da matan da ke dafa abinci a kowane zango bayan sun yini da kaya a ka. Goro kuma ba ya jure sakaci, sai ana kwance shi ana tsince ruɓaɓɓe ana yayyafa ruwa ana canza ganye, in ba haka ba a isa Kano da asara. Wanda ke wannan aikin ba madugu ba ne. Yawancinmu a Zango jikokin masu ɗaukar kayan ne, ba na madugai ba. Kumbonku ayari ne da aka rufa wa ƙarfe. Ko a wannan zamani, tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar nan, GhanaSat-1, da aka saki daga tashar sama a Yulin 2017, matasan injiniyoyi uku na jami'ar All Nations ta Koforidua ne suka haɗa shi, nauyinsa kilo ɗaya. Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Accra, aikinsa a hukumar NASA shi ne hannun ƙarfen da ya sauke na'urori a kan Mars daga kumbon InSight da ya sauka a 2018. Rabonmu a sama zuwa yanzu ta hannun masu haɗa ƙarfe da waya ya zo.

Na san za ku iya cewa wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Na kuma san takarda ta yi tsada, kuma ba wanda ke biyanku ko sidi ɗaya a kan wannan aiki. Shi ya sa ba mu zo hannu rabbana ba. Ga abin da muke roƙo.

Ku janye shawarar cire ƙananan ma'aikata daga littafin. In shafuka ne matsala, bikin auren ya ci kashi guda cur, jawabin kyaftin a kashi na 9 ya kai minti goma sha ɗaya, a nan za a samu wurin ragewa. In duk da haka kuɗi bai kai ba, mun fara zuba susu, wato adashe, a majalisa tun makon jiya, Hajiya ce ke riƙe da shi, ku faɗa mana kuɗin ƙarin shafukan mu ga abin da za mu iya.

Ku ba mutum goma sha biyun nan sunaye, da unguwanninsu, da aikin kowa, ko da a shafi ɗaya ne. A cikinsu a samu mata, don a Magazine ma yanzu akwai 'yan mata masu feshin fenti da gyaran lantarkin mota. Mai Sifana kuma a ba shi suna na yanka da sunan uba. Ba mu ce ku tashe shi daga matattu ba, mun san mutuwa, ba ma son ƙarya. Amma a yi musu sutura a cikin labarin, a nuna mana wanda ya yi wanka, wanda ya ja sallah, da wanda aka ɗora wa nauyin kai akwati gida. Kyaftin kuma ya sauko ƙasa da ƙafarsa ya yi ta'aziyya, ya ji kunyar rashin sanin sunayensu.

Ku ba mu aƙalla kashi ɗaya cikin kowane huɗu da za a ba da labarin daga ƙasa, ta bakin kuku, ko mai shara, ko yarinyar da ke koyon walda, inda kyaftin zai zama murya ce kawai a lasifika, yadda mu muka san kyaftin. Kuma sau ɗaya dai, a bar ƙaramin ma'aikaci ya ce "A'a, ranka ya daɗe," ya kuma zama shi ne da gaskiya.

Na ƙarshe, ku zo ku gani da idonku. Ku turo mutum biyu ko uku ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi. In kun sauka a shataletalen Suame ku kira lambar da na ba mai kawo muku wannan takarda, yarona zai zo ya shigo da ku, don Magazine ba a shigarta da ka. Ku sa tsofaffin kaya, ku bar fararen takalma a gida. Akwai wani famfo da aka kawo mini shekaranjiya, boris ɗinsa ya fara ci, na hana a taɓa shi. Zan kunna shi in ba kowannenku sukundireba ya kanga a kunne. Hajiya ta ce koko da ƙosai na safiyar nan a wuyanta.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin inji,
a madadin majalisar teburin mai shayi,
Aboabo, Kumasi.